A Karanta Abin Da Na'ura Ta Rubuta Da Sunanmu

Daga cikin sana'o'in da zamani ya zo da su, waɗanda samarin ƙasar Gobir suka fara ɗora wa rai, tun daga Sabon Birni da Isa har zuwa garuruwa irin su Kamarawa, akwai sana'ar rubuta manhaja, wato tsara umarnin da kwamfuta ko waya za ta bi ta yi wa ɗan Adam aiki. Kuma tun da Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin nan na 3MTT a ƙarshen shekarar 2023, da niyyar horar da mutum miliyan uku a fannonin fasaha, sai zancen ya yawaita a bakin matasa, har wanda bai taɓa mallakar kwamfuta ba ya ji labarin akwai abinci a cikinta. Abin da nake so mu yi nazari a kansa yau wani ɓangare ne na wannan sana'a da ba a cika ambatonsa a gaban jama'a ba, alhali kuwa da shi kowane ɗalibi yake fara cin karo tun ranar farko: kayan aikin da suke kafa wa mai rubutu kwarangwal ɗin aikinsa, su kuma rubuta masa takardun da za a bi a haɗa manhajar a kan kowace irin na'ura.

Domin wanda bai san al'amarin ba ya gane inda aka dosa, sai a fara da asalin wahalar. Abin da mai manhaja yake rubutawa da hannunsa, ko da harshen C ne ko Java ko waninsu, na'ura ba ta fahimtarsa kai tsaye, sai an miƙa shi ga wata manhaja mai aikin tafinta ta juya shi zuwa lambobin da ƙwaƙwalwar na'ura take ganewa. Idan fayil ɗaya ne, layi guda na umarni ya wadatar. Amma manhajar kirki takan ƙunshi fayiloli ɗari ko dubu, wani ya dogara ga wani, wani ba ya fassaruwa sai an gama da na gabansa, waɗansu kuma aro ne daga taskokin da mutanen wasu ƙasashe suka rubuta. Sa'an nan ga tafintan Windows dabam da na Linux, na Apple yana da nasa sharuɗɗa, wayar Android kuma da nata hali, ta yadda rubutun da ya haɗu lafiya lau a kwamfutar Malam Wane sai ya ƙi haɗuwa a ta maƙwabcinsa, saboda kawai wurin ajiyar wata taska ya bambanta.

A shekarar 1976 wani masani a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka, Stuart Feldman, ya ƙirƙiro Make, wadda ake rubuta wa takarda guda a jera mata wane fayil ya dogara ga wane, ita kuwa ta duba waɗanda aka taɓa tun haɗin baya ta sake fassara su kaɗai, ta ƙyale sauran. Har yau ana aiki da ita, kuma har yau tana ɗauke da wata ɗabi'a da ta sha ɗalibai wuya shekara da shekaru: wajibi ne layin umarni ya fara da maɓallin tab, idan aka sa tazara a madadinsa, alhali ido ba ya rarrabe su, sai aiki ya tsaya cik. Feldman da kansa ya bayyana daga baya cewa sa'ad da ya gane illar, mutum goma sha wani abu sun riga sun fara amfani da ita, bai kuwa so ya ɓata musu aiki ba. Na kawo wannan ne domin a tabbata cewa waɗannan kayan aiki mutane ne suka yi su, a wani gari, a wani zamani, bisa larurar da ke gabansu, kuma abin da suka zaɓa a yini ɗaya yakan zama hukunci a kan miliyoyin da ba su taɓa gani ba.

Da na'urori suka yawaita iri-iri, sai rubuta wa kowace takardarta ya zama aiki a kan aiki, daga nan masana suka koma ƙirƙirar kayan da za su rubuta takardar da kansu. David MacKenzie ya fara Autoconf a 1991, wadda take samar da wani dogon rubutu mai suna configure, shi kuma idan ya sauka a kan na'ura sai ya bincike ta, ya ga abin da take da shi da abin da ta rasa, ya tsara takardar haɗi daidai da halinta. CMake kuwa, wadda ita ce ta fi rinjaye a yau tsakanin ma'abota C da C++, Bill Hoffman da abokan aikinsa a kamfanin Kitware ne suka fito da ita wajen shekarar 2000, da kuɗin Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka, domin wata manhajar nazarin hotunan cikin jikin mutum da ake bukatar ta yi aiki a Windows da Unix gaba ɗaya. Jama'ar KDE suka rungume ta a 2006, Qt ma ta koma gare ta a 2020. Akwai Premake da ake yi wa bayani da harshen Lua, akwai Meson ta Jussi Pakkanen ɗan ƙasar Finlan, akwai GN da Google yake haɗa Chrome da ita. Manufarsu duka ɗaya ce: ka faɗi abin da kake nufi sau ɗaya a dunƙule, su kuma su yi tafsilinsa ga kowace na'ura.

Wanda ya taɓa gani da idonsa ya san daɗin abin. Ka buɗe fayil ka sa masa suna CMakeLists.txt, ka rubuta layi uku: na farko ya faɗi mafi tsufan CMake da ka yarda a yi aiki da ita, na biyu sunan aikin, na uku sunan manhajar da fayilolin da za a haɗa ta da su. Shi ke nan. Idan ka kira CMake a kan Linux sai ta zubo maka takardun Make, a kan Windows ta ba ka aikin da Visual Studio zai buɗe, a kan Mac, idan ka nema, ta ba ka na Xcode, duk daga layi ukun nan da ba su cika tafin hannu ba.

'Yan'uwan waɗannan su ne masu kafa kwarangwal. Tun da Ruby on Rails ta fito a 2004, Django a 2005, sai ya zama al'ada mutum ya buga umarni guda a shirya masa jakunkunan aiki, da fayil ɗin saituna, da shafin farko mai aiki, kafin ya rubuta ko harafi. Wanda ya buga flutter create a yau, kafin ya kurɓi shayinsa an jera masa jaka ta Android, ta iOS, ta Windows, ta Linux, ta Mac, da ta shafin intanet, kowace cike da fayilolin da bai san da zamansu ba.

Ba na cikin masu raina wannan ni'ima, kuma ina ganin mu mutanen iyaka mun fi kowa bukatarta. Ƙasar Gobir tun faɗuwar Alƙalawa a 1808 ta rarrabu, daga baya Turawan Ingila da na Faransa suka ja layi a tsakiyarta, Tsibiri da Gidan Rumji suka faɗa Nijar, Sabon Birnin Ɗan Halima da Isa suka zauna a Najeriya, amma zumunci da ciniki ba su yanke ba. Yaron da zai rubuta wa ɗan kasuwar hatsi ko mai shagon magani manhajar lissafi a nan, zai tarar da wayoyin Tecno da Itel da Infinix, sababbi da waɗanda suka tsufa, da wata tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo a ofishin sakatare, kuma shi kaɗai ne, ba shi da ma'aikata goma da zai raba wa aiki. Kayan da zai ba shi damar rubutu sau ɗaya ya isa ga duk waɗannan, haƙiƙa ya ɗauke masa nauyin da a da sai kamfani. Wanda ya ce a yi watsi da su a koma rubuta kome da hannu, bai yi wa ɗalibanmu adalci ba.

Sai dai kayan nan, musamman na baya-bayan nan, an gina su ne bisa zaton intanet ba ya yankewa. Na zauna kusa da wani ɗalibi ɗan Isa mai karatu a Sakkwato, ya dawo hutu da kwamfutarsa da ya cika wa caji a shagon mai sola, ya kafa sabon aiki cikin ɗan lokaci, fuskarsa cike da murna. Da ya ce a haɗa shi ya hau wayarsa, sai Gradle, wato mai haɗa manhajojin Android, ta fara jawo kayanta daga rumbunan da ke wata nahiya, ɗaruruwan megabayit, layi guda yana ta juyawa a gindin allo ba tare da ya faɗi saura nawa ba. Ya ɗaga wayar sama, ya matsa bakin zaure inda aka ce sabis ya fi ƙarfi, har data ta ƙare, caji ya yi ƙasa, aka kira magariba bai ga ko shafin farko ba. Yaron bai yi kuskure ko ɗaya ba. Wannan kuwa a lokacin da ake da sabis ke nan. Mu da muka ga watan Satumba na 2021, sa'ad da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, Sabon Birni da Isa a cikinsu, mun san yankewar sabis a wurinmu ba tatsuniya ba ce. A farkon 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Abin lura a nan shi ne tsofaffin kayan, irin su Make da Autoconf, da yake an yi su a zamanin da ake aika manhaja a kan faifai, kome nasu yana cikin ƙunshi ɗaya, suna aiki ko da babu layi. Ta wannan fuska tsohon ya fi sabon dacewa da Kamarawa.

Bayan wannan akwai abin da kwarangwal yake zuwa da shi a ɓoye, wato al'adar garin da aka ƙera shi. Buɗe fayil ɗin saituna da Django take rubuta maka, za ka tarar an sa harshe Turancin Amurka, an sa agogo a kan UTC, wanda yake bayan agogon Najeriya da Nijar da awa guda. Idan ma ka share layin gaba ɗaya, sai ta koma agogon Shikago, domin asalinta a wani gidan jarida ne a garin Lawrence na jihar Kansas, garin da yake bin wannan agogo. Teburin masu amfani da ta tanada yana neman sunan farko, da sunan ƙarshe, da imel. To, ina za a sa Malam Wane ɗan Wane, wanda duk gari ba a san shi ba sai da laƙabinsa, ba shi da imel, amma yana da layi biyu, ɗaya mai farawa da 234 ɗaya da 227? Ina gurbin kuɗi biyu, naira da sefa, balle a zo ga lissafin mutanen ƙetare da suke ƙirga sefa da dala, kowace dala tamma biyar? A cikin fayil ɗin nan dai akwai layin da ya ce DEBUG = True, wanda amfaninsa shi ne ya nuna wa mai rubutu cikin manhajar idan ta yi tuntuɓe; a samansa an rubuta gargaɗi ƙarara cewa kada a bar shi a kunne idan an fitar da aiki ga jama'a, amma wanda bai buɗe fayil ɗin ba bai ga gargaɗin ba, sai ya ɗora shafin wani asibiti ko makaranta a intanet yana tona asirin kansa ga duk wanda ya ƙwanƙwasa.

Nan ne zuciyar mas'alar take. A makarantar allo ƙolo ba ya rubuta wa kansa, malam ko wani gardi ne yake rubuta masa, kuma babu wanda ya taɓa ganin aibi a wannan. Amma ba a yarda ya wanke allon a ƙara masa gaba sai ya zo gaban malam ya biya abin da aka rubuta, harafi da wasali, kuma ranar tana zuwa da za a miƙa masa alƙalami da tawada a ce ya rubuta nasa. Na'ura tana rubuta mana allo cikin ƙiftawar ido, sai dai ba ta cewa a zo a biya. Saboda haka ake samun wanda ya yi shekara biyu a sana'ar, yana da takardar shaida, amma ranar da haɗi ya ƙi, ya ga jan rubutu ya cika allo, iyakar dabararsa ita ce ya share jakar duka ya sake kafa sabuwa, ko ya kwafi wani umarni da bai san ma'anarsa ba ya liƙa yana fatan a dace.

Kada a ɗauka wannan rauni na masu koyo ne kaɗai, domin manyan duniya ma ya kusa halaka su. A ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya sanar da cewa ya gano ƙofar ɓoye a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayiloli da kusan kowace kwamfutar Linux take ɗauke da ita. Abin da ya ja hankalinsa shi ne shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar SSH ya ƙara jinkiri da kimanin rabin daƙiƙa, bai kuwa ƙyale ba sai da ya bi sawu. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana taimakon Lasse Collin, mutumin da ya daɗe yana ɗauke da aikin ba tare da albashi ba, har ya sami amincewa. Da ya tashi yin ha'inci, bai sa makaminsa a cikin rubutun C da idanu suke kai ba, sai ya cusa mabuɗinsa a cikin wani fayil na Autoconf da ke tafiya tare da ƙunshin da ake rabawa, irin fayilolin da kowa ya saba cewa na'ura ce ta rubuta, ba a karantawa. A takardar CMake ta wannan manhaja kuma aka tarar an saka ɗigo guda a cikin wani ɗan rubutun gwaji, ɗigon ya sa gwajin yana faɗuwa kullum, sai CMake ta ɗauka na'urar ba ta da wata kariya mai suna Landlock, ta bar ta a kashe. Allah Ya sa aka farga tun abin bai shiga tabbataccen bugun Linux na Debian da Fedora ba. Mai ha'incin nan ya san inda ma'abota sana'a ba sa dubawa, kuma nan ya nufa.

Na san za a ce, ai babu mai iya karanta duk abin da waɗannan kayan suke fitarwa, rubutun configure kaɗai yakan kai layi dubbai. Wannan gaskiya ne, kuma malamanmu ma ba su ɗora wa kowa ijtihadi ba, sun halatta taƙlidi ga wanda bai kai matsayin nazari ba. Amma sun sharɗanta ya san wanda yake bi, kuma ba su yarda mai taƙlidi tsantsa ya zauna yana ba da fatawa ba. Wanda ya karɓi kuɗin mai shagon magani ya miƙa masa manhajar da za ta riƙe bashin mutane da sunayen marasa lafiya, amana ta hau wuyansa, ba zai ce na'ura ce ta rubuta ba. Abin da nake nema gare shi bai kai haddace dubban layuka ba: ya san kowane fayil da ke jakarsa mene ne aikinsa, wanne ne nasa da zai gyara, wanne ne na na'ura da za ta sake rubutawa, me ake jawowa daga waje, daga wurin wa, kuma wane bugu. Fayilolin da mutum yake da iko a kansu ba su da yawa, saitunan Django ba su kai karatun rabin awa ba, takardun Gradle na sabon aiki ma haka.

Saboda haka ina roƙon malaman da ke koyar da wannan fanni, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, da masu horarwa a ƙarƙashin 3MTT, su jinkirta wa ɗalibi wannan sauƙi na mako ɗaya ko biyu. A bar shi ya kira tafinta da hannunsa a kan fayil biyu, ya ga yadda ake ɗaure su. Ya rubuta takardar Make ta layi goma, maɓallin tab ya kayar da shi sau ɗaya ya tashi. Sa'an nan a ba shi CMake, a sa shi ya buɗe abin da ta fitar ya gwada da nasa. Wanda ya bi ta wannan hanya zai ƙaunaci kayan fiye da wanda aka miƙa wa su ranar farko, domin ya san nauyin da suka sauke masa.

Mas'alar data kuwa tana da magani a hannunmu, tun da Gradle da CMake da sauransu duk suna da hanyar aiki da abin da aka riga aka ajiye, ba sai an koma intanet ba. Mu da muke da masu tura fina-finai da karatun malamai a memori a kowace kasuwa, babu dalilin da zai sa ɗalibai hamsin su sayi data hamsin domin jawo abu ɗaya. Faifan ajiya guda a sashen kwamfuta, wanda wani amintacce zai riƙa sabuntawa, a kuma rubuta asalin kowane ƙunshi da lambar tantance shi domin isnadinsa ya inganta, ya isa ya ciyar da aji duka, har mai tafiya hutu Kamarawa ya kwafa a filash ya tafi da shi.

Abin da na fi kwaɗayi, wanda kuma bai fi ƙarfin ɗaliban shekarar ƙarshe su uku ko huɗu ba, shi ne mu kafa namu kwarangwal. Cookiecutter, wadda Audrey Roy Greenfeld ta fitar a 2013, an yi ta ne musamman domin kowa ya tsara nasa samfuri ya raba wa jama'a, ba a biyan ko kwabo. A yi samfurin da zai zo da agogonmu tun daga farko, da Hausa a matsayin harshen fuska, da rubutun da aka gwada aka ga ƙ da ɗ da ɓ suna fita sosai a ƙananan wayoyi. A sa gurbin suna da sunan uba da laƙabi da unguwa, lambar waya ta tsaya a madadin imel, kuɗi ya karɓi naira da sefa. A gina shi bisa cewa manhaja za ta ajiye kome a cikin waya, ta jira ranar da sabis ya dawo ta aika. A saman kowane saiti a rubuta sharhi da Hausa, gajere, mai faɗin abin da layin yake yi da abin da zai faru idan an taɓa shi. Irin wannan samfuri bai fi a tura shi ta Xender daga waya zuwa waya ba, kuma ɗan'uwanmu da ya karɓe shi a Gidan Rumji ba zai ma taɓa agogo ba, tun da lokacinmu ɗaya ne. Zai sa sefa a gaba, ya mai da 'y zuwa ƴ kamar yadda ake rubutawa a makarantun Nijar, ya ci gaba da aikinsa.